Habi da Manhajar da Ba Ta Iya Gaisuwa Ba

Duk wanda ya san Malam Mode, manomin albasa a fadamar Goronyo, ya san mutum ne da ba ya rowar yabo. Zai yabi ragon maƙwabci, ya yabi ɗan kabu-kabun da ya kai shi kasuwa lafiya, ya yabi Sale mai shayi ko da ruwa ya fi madara yawa. Mutum ɗaya ce yabonsa bai taɓa sauka a kanta ba, ita ce Habi, 'yarsa ta fari. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce irin ta mutanen da. Ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a yi masa wasa cikin mutane, balle a yabe shi ido da ido. In zai aike ta sai ya dubi katanga ya ce, "A ce ma wagga yarinya ta kawo buta," alhali tana tsaye dab da shi har tana iya taka masa ƙafa.

Habi ba ta ɗauki abin da zafi ba, don haka ta ga ana yi a gidaje da yawa. Sai dai zuciya ba ruwanta da al'ada. Tun tana 'yar ƙanƙanuwa burinta ɗaya ne, ta yi abin da zai sa mahaifinta ya sa mata albarka da bakinsa, ita kuma ta ji da kunnenta, ba wai uwarta Kaltume ta kawo mata labari a madafa ba.

Mode yana saurayi aka gama madatsar ruwa ta Goronyo, don haka shi da noman rani tare suka girma. Habi kuwa a bakin fangali, ɗan gurbin shukar lambu da ake kewayewa da ƙasa, ta buɗe ido. Sauran yara in an kai su lambu, tumatir suke sata su ci da gishiri, ita kuwa sai ta tsuguna tana kallon yadda ake ban ruwa. A sare bakin fangali da fartanya ruwa ya shiga, in ya cika a toshe a buɗe na gaba. Abin da ya fi burge ta shi ne ruwa ba ya gardama kuma ba ya yi wa kowa kara. Inda ka buɗe nan zai bi, in kuwa ka manta ba ka toshe ba, zai yi ta tafiya har gonar maƙwabci, ya bar ka da ba da haƙuri.

Da ta isa sakandare aka kai ta Wurno wurin goggonta. Makarantar tana da kwamfuta guda, an lulluɓe ta da zane kamar amarya, ba a buɗe ta sai in manyan baƙi za su zo. Habi ta yi ta share ɗakin ba wanda ya sa ta, har malamin ya gaji da ganin ƙeyarta ya bar ta ta taɓa. Daga nan ba a sake jin kanta ba. Ta wuce Sakkwato ta karanci rubuta manhaja, wato tsara wa kwamfuta umarni layi bayan layi, kuma tun a ajin farko ta gane aikin da ta sani ne: in kaza ya faru bi nan, in bai faru ba bi can, in ka gama ka tsaya. Ranar da umarninta na farko ya yi aiki ta yi ihu a cikin aji har aka zaci kunama ce.

Abokan karatunta suka watse, wasu Abuja, wasu Legas. Ita ta dawo Wurno ta auri Junaidu, malamin firamare mai sanyin hali, wanda ya hau rufin ɗaki da kansa ya kafa mata sola don kada rashin wuta ya yanke mata aiki. Tana yi wa makarantu da masu shagon magani ƙananan ayyuka daga ɗakinta, tukunya a kan wuta, kwamfuta a kan cinya. Matan unguwa sun daɗe da yanke hukuncin cewa fim take kallo. Mahaifinta kuwa in an tambaye shi mene ne aikin 'yarsa, sai ya gyara hula ya ce, "Tana can Wurno," ya sako zancen tsadar taki.

Abin da ke ci wa manoman fadama tuwo a ƙwarya shi ne sanin ranar ruwa. Magudanu da yawa ne, kuma ba a sakar musu ruwa lokaci guda, bi da bi ake yi. Lauwali ne ke buɗe ƙofofin, shi kuma mutum ɗaya ne da waya ɗaya, in ya amsa kiran wannan sai na wancan ya shigo, har ya koma kashe wayar don ya samu ya ci abinci. Sai ka ga dattijo ya hau kabu-kabu ya yi doguwar tafiya don tambaya guda, ko ya wuni a bakin magudana yana jiran ruwan da sai jibi. Wani kuma yana wurin suna ruwansa zai zo ya wuce.

Habi ta ce wannan ai nata ne. Ta tsara manhajar da Lauwali zai shigar da ranakun ruwa sau ɗaya daga wayarsa, manomi kuma ya kira wata lamba da kowace irin waya, ko 'yar rakani-kashi ce, ya faɗi sunan magudanarsa, a gaya masa ranarsa da Hausa. Ba karatu, ba rubutu. Ta bi 'yan uwa da maƙwabta tana naɗar muryoyinsu suna faɗin sunayen magudanu har manhajar ta iya gane su, sannan ta sa muryarta ta zama mai amsawa.

Baba Yari, shugaban ƙungiyar manoman rani, ya saurare ta da kyau yana taunar goro. Ya ce a gwada, kafin dashen albasa dattawa za su zauna, in sun yarda ƙungiya ta karɓa, in ba su yarda ba a koma wa kabu-kabu. Cikin dattawan da za su zauna har da Malam Mode. Habi ta fito daga zauren Baba Yari ta san wannan karon aikinta zai tsaya a gaban mahaifinta, kuma ba katangar da zai kalla.

Aka raba lamba a masallatai da kasuwa. Kira ya yi ta shigowa, Habi ta yi ta murna, murnar da ba ta daɗe ba. Manhajar tana nuna mata tsawon kowane kira, kuma kusan duka ana ɗauka ake kashewa, ba wanda ya kai ga faɗin sunan magudana. Ta ce sabis ne. Ta duba, sabis lafiyarsa ƙalau. Ta bi umarninta layi-layi har idonta ya yi ja, ba ta ga kuskure ba. Ta kai kuka zauren masu rubuta manhaja da take ciki a intanet, inda ake da 'yan Kano da Legas har da Nairobi. Wani ya ce ta sauya kamfanin da ke haɗa mata kira. Wani ya ce ai shi a kwamfutarsa komai yana aiki, kamar an tambaye shi. Wani kuma, Allah ya shirye shi, ya ce ta zubar da komai ta sake rubutawa da wani sabon yaren kwamfuta da ya fito shekaranjiya.

Junaidu ne ya ce, "To ke, ba ki tafi ki gani da idonki ba?"

Ranar Asabar suka hau babur suka nufi gonar Malam Mode da ƙwaryar fura, wai gaisuwa suka zo. Habi ba za ta iya ce wa mahaifinta ya kira lambar ba, don haka Junaidu ya roƙe shi, ita kuma ta koma gefe tana yi kamar tana duba irin albasa. Mode ya goge hannu a jikin riga, ya lalubo wayarsa, ya danna lamba, ya gyara murya kamar mai shiga zauren hakimi.

"Salamu alaikum," in ji shi.

Kafin ya rufe baki manhajar ta hau kansa da muryar Habi: "Faɗi sunan magudanarka."

Mode ya cire wayar daga kunne ya dube ta. Ya mayar ya sake yin sallama, a hankali, ko ba a ji ba.

"Ban gane ba. Faɗi sunan magudanarka."

Ya kashe, ya jefa wayar aljihu, ya dubi Junaidu. "Kai, wagga aba ba ta da tarbiyya. Ka yi ma mutum sallama shi ce maka mi kaka so? Ko ɗan sanda ai yana amsa sallama kahin shi kama ka."

Habi ta ji kamar ta nutse cikin fangali. Ita da aka haifa a garin da ko wuta ka zo ɗiba sai ka tambayi kwanan mutanen gida, ta zauna ta kwaikwayi na'urorin bankuna da na kamfanonin waya, waɗanda ba su san uban kowa ba. Amma a kan babur suna komawa, kunyar ta juye ta zama dariya, ta yi ta ƙyaƙyatawa har Junaidu ya ce ta riƙe shi da kyau kada su ƙare a kwata. Ta gano ciwon, maganin kuma yana bakinta tun tana goye.

Ta zauna ta koya wa manhajar ladabi. Ta sa ta yi shiru har mai kira ya gama sallama, ta amsa cikakkiya har da wa barakatuhu. Ta naɗi gaisuwa iri-iri: ina kwana, ina gajiya, ina iyali, ina aiki, ina sanyi, yaya aka ji da jama'a. Ta koya mata amsa kowace. Sannan ta rubuta ƙa'ida guda da ta ga ba ta da aibi: muddin mai kira bai ambaci sunan magudana ba, kada ki katse shi, ki ci gaba da gaishe shi, in gaisuwar ta ƙare ki koma farko. A ganinta babba shi zai kawo maganarsa in ya shirya, yaro ba ya yi masa gaggawa.

Washegari ta duba, sai ga kira ya yi tsawo, wani ma ya yi tsawon da ba ta taɓa gani ba. Ta tashi ta taka rawa a tsakar gida da ludayi a hannu. Da ta huce ta ce bari ta saurara, don ta riga ta gaya wa ƙungiya cewa ana naɗar kiran lokacin gwaji. Mafi tsawon na Baba Yari ne. Ita da Junaidu suka kasa kunne.

"Ina kwana, Baba?"

"Lahiya lau. Kin kwana lahiya?"

"Lafiya lau. Ina gajiya?"

"Ba gajiya. Ina mutanen gida?"

"Lafiya lau. Ina iyali?"

"Sun gode Allah."

Haka suka bi ta kan aiki da sanyi da jama'a. Baba Yari ya ɗan yi shiru, irin shirun da baƙo yake yi don a tambaye shi abin da ke tafe da shi. Manhajar ta ji shiru, ba ta ji sunan magudana ba, sai ta yi abin da aka umarce ta.

"Ina kwana, Baba?"

Dattijon ya ɗan yi tari. "Lahiya lau dai, ɗiyata. Kin kwana lahiya?"

Suka sake ɗaukowa daga farko. A zagaye na gaba muryarsa ta fara sanyi, amma bai fasa ba, don shi a rayuwarsa ba a taɓa gaishe shi ya ƙi amsawa ba, kuma bai ga dalilin da zai fara da tsufansa ba. Ana jin akuya tana kuka a bayansa, ana jin wata tana cewa kokonsa zai huce. Iyalinsa sun gode Allah ya fi a ƙirga. Ba shi ya kashe ba, ba ita ta kashe ba, cajin wayarsa ne ya raba su.

Junaidu ya faɗi daga kan tabarma yana riƙe ciki. Habi tana dariya tana hawaye, kuma hawayen ba na dariya kaɗai ba ne, don zaman dattawa ya matso, ga shi manhajarta ta riƙe shugaban ƙungiya da gaisuwa har kokonsa ya huce.

Da la'asar sai ga Baba Yari da kansa a ƙofar gida, ya sauka daga kabu-kabu, abin da aka yi manhajar don a raba shi da shi. Bayan an gaisa, gaisuwa mai iyaka, ya ce, "Habi, yarinyag ga taki akwai ladabi, ban ƙi ba. Amma ba ta bari mutum shi hwaɗi abin da yak kawo shi. Ni na kira, ni na baƙo. Baƙo shina hwara zance ba a ba shi hanya ba?"

Nan ta ga inda ta bar fangali a buɗe. Manhajar tana jiran babba ya kawo magana, babba yana jiran mai gida ya ba shi ƙofa, kowa yana yi wa kowa kara. Masu sana'arta suna da suna ga irin wannan zagaye marar mafita, kuma kuskure ne da ake yi wa ɗalibin ajin farko dariya a kansa, amma ba ta jin an taɓa samun wanda ladabi ya haddasa. Da ta ba da labarin a zaurensu na intanet, 'yan Kano suka yi ta kwasar dariya, ɗan Nairobi ya ce a wurin kakarsa ma haka za a yi.

Saura ta san yadda ake rufe gaisuwa ba tare da an yi wa babba rashin kunya ba. Ta je gida ta kwana biyu wurin Kaltume, ta zauna a bayan zaure tana tsince shinkafa tana sauraron mahaifinta yana karɓar baƙi. Ga shi nan kuwa, abin da ta ji tun tana rarrafe ba ta taɓa lura ba. In gaisuwa ta kewayo, sai Mode ya ja numfashi ya ce, "To, madalla." Ya ɗan dakata. Sannan ya ce, "Lahiya dai?" Daga nan baƙo ya saki bakinsa. Ta koma Wurno ta naɗi kalmomin nan da irin dakatawarsa, ta ƙara ƙa'ida guda a inda zagayen yake komawa farko. Ta kuma tuna da sallamar rabuwa, ta koya wa manhajar cewa in an ce a gaida gida, ta amsa yadda ake amsawa.

Ranar zaman, dattawa suka shimfiɗa tabarmi a inuwar mangwaro kusa da babbar magudana. Lauwali yana nan, samari sun kewaye, don labarin Baba Yari ya riga ya zaga fadama, wasu ma dariya kawai suka zo nema. Habi ta zauna can gefe tare da uwarta. Junaidu ya haɗa waya da lasifikar da aka aro.

Baba Yari ya ce shi kam ba zai kira ba, don shi da yarinyar sun gaisa gaisuwar da za ta kai su baɗi. Aka yi dariya. Aka dubi juna, kowa yana tsoron ya zama abin labari. Sai Malam Mode ya miƙa hannu ba tare da ya dubi kowa ba. 

Ya yi sallama. Muryar 'yarsa ta fito daga lasifika ta amsa har ƙarshe, ba gaggawa. Ta tambaye shi kwana, ya tambaye ta. Gajiya, iyali, aiki. Samari suka fara taɓa juna suna jiran a koma farko. Mode ya dakata yana jiran a ba shi ƙofa.

"To, madalla," in ji manhajar. Ta dakata. "Lafiya dai, Baba?"

Wani tsoho ya ce, "Allahu akbar!" Mode bai motsa ba, amma Kaltume da ta san fuskar mijinta ta matse hannun Habi, don ya gane maganar wa aka ɗauko.

"Lahiya lau," in ji shi. "Ruwan magudanar Gabas nika tambaya."

"Magudanar Gabas, ranar Laraba da hantsi, in Allah ya yarda."

Duk aka juya ga Lauwali. Ya ɗaga hannu biyu ya ce, "Hakanan na. Laraba da hantsi." Wuri ya kaure da hayaniya, Baba Yari yana cewa to ai magana ta ƙare, ƙungiya ta karɓa, Lauwali yana godiya ga Allah zai ci tuwonsa da zafi. Habi ta yi murna ƙwarai, amma idonta yana kan mahaifinta, shi kuwa ko sau ɗaya bai waiwayo inda take ba. Ta ce a ranta to shi ke nan, an karɓa, wannan ma ya isa, sauran Kaltume za ta kawo mata a madafa.

Sai ta lura bai kashe wayar ba. Ya ɗaga hannu, aka yi shiru. Ya matso da wayar bakinsa, idonsa a kan ruwan magudana, muryarsa tana fita ta lasifika har masu wanki a ƙetare suna ji.

"Yarinya, kin yi hankali. In kin koma gida ki gaida min uwakki da ta haihe ki. Ki ce mata ubanta ya gode. Ki ce ma Habi Allah shi yi mata albarka."

Manhajar ta tsinci kalmar gaisuwa, ta amsa da abin da aka koya mata. "Za su ji, Baba."

Ba wanda ya yi dariya. Habi ta ja mayafi ta rufe fuska, tana kuka tana murmushi, daɗi ya cika mata ciki har ta rasa inda za ta sa kanta. Kaltume ta sunkuyo ta ce mata a kunne, "Ke, ki ce amin mana, saƙon ya iso."